Walda da Kunne

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin wurin nan naku da kake ba mu labari? Mu nan lafiya lau. Ƙafar Umma da sauƙi, ta ce in gaya maka man shafawar da ka aiko ya yi mata aiki, har ta koma shanya da kanta. Gwaggo tana nan yadda ka san ta, bakinta bai gaji ba.

Na san ka ce waya ta gaisuwa ce, magana mai nauyi a rubuta ta, ga shi kuma masaukinku sai an hau tudu ake samun layi. Shi ya sa na ba direban motar kamfaninku wannan takarda.

Baffa, na shiga cibiyar koyon sana'a, ɓangaren walda. Ka zauna tukuna kafin ka yi faɗa. Tun da na gama makaranta nake yawo da takarduna ofis-ofis, har masu gadi sun fara gane ni da takalmina. Ran nan na gaji, na ɗauki makullin shagonku kai da marigayi Abba, wai in share. Na yaye buhun da aka rufe injin walda da shi, na ga kujerunku biyu, taka mai gajeriyar ƙafa ɗaya da ka yi ta alkawarin gyarawa. Na daɗe a tsaye. Washegari na je cibiyar.

Na gama zangon farko, kuma malaminmu ya ce hannuna ba ya rawa. Saura zangon aiki, wanda dole sai a ƙarƙashin gwani mai takardar shaida. To a nan aka tsaya, domin garin nan babu gwani ko ɗaya. Duk manyan ayyuka irin naku sun kwashe su. Mai gidan burodin layinmu tandarsa ta tsage, ya yi ta neman wanda zai ɗinke masa ita har ya haƙura ya rufe. Ko'ina ka juya ana neman mai walda, amma babu mai koyarwa. Gwaggo ta ce a zamaninsu mai walda ne ke bin mutane, yanzu sai ka yi masa rakiya har gida.

Malaminmu ya ce kamfaninku yana karɓar ɗalibai, in dai akwai gwani a ciki da zai sa hannu ya ce ya ɗauke su. Da ya ji ko kai wane ne a wurina, sai da ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce, "Kina da wannan mutum a gida kike zaune?"

Don haka roƙona ɗaya ne. Ka ɗauke ni ƙarƙashinka. Ba zan ba ka kunya ba, kuma na iya dafa shayi yadda kake so, mai kauri har cokali ya tsaya. Cibiyar ta ce duk wanda bai kawo sunan gwaninsa ba kafin a buɗe zangon, za a ba wani gurbinsa, masu jira suna da yawa.

Ina sauraron amsarka.

Taka,
Uwarka ta kanka

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake. Ki gai da Ummanki da Gwaggonki.

Na ga takardarki. Ba zan iya ɗaukarki ba. Ki nemi wata sana'ar, akwai su da yawa. Ki rufe shagon nan, kada ki sake kunna injin.

Baffanki

*

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Umma da Gwaggo suna amsawa, kowa ƙalau.

Takardarka ta iso. Na juya bayanta ina neman sauran, babu. Kai da kake cika mana shafi da shafi, har labarin kyanwar ɗakin cin abincinku ba ka bari, yau ni ce ka sallama da layi huɗu. Kuma ka rubuta su manya-manya, suna hawa suna sauka, kamar kana yi mini tsawa daga can. Na ji tsawar, Baffa. Ta iso.

Raina ya ɓaci, kuma gara in faɗa maka da in ɓoye. Ka sa mini sunan mahaifiyarka, kana kirana Uwata tun ban san kaina ba. Kai ka ɗora ni a kujerarka ina ƙarama, ka kifa mini hular walda har ta rufe mini kafaɗu, kuna dariya kai da Abba. Ashe wasa ne. Ashe hular ta dace da ni ne kawai lokacin da ba zan iya ɗaga ta ba.

Ka faɗa mini gaskiya. Don ni mace ce? In haka ne, ka sani mu uku ne mata a ajinmu, kuma ɗaya daga cikinmu kamfanin gini ya riga ya yi mata magana tun ba ta gama ba. Ko kuwa kunya kake ji abokan aikinka su ga 'yar ɗan'uwanka da rigar aiki? Gwaggo ta ce haka ne, ta ce ai ta gaya mini. Har da tafa hannu. Ban taɓa jin haushin ta yi gaskiya irin na wannan karon ba.

Kai ka riƙe gidan nan da sandar walda tun da Abba ya rasu. Duk abin da na ci, duk littafin da na karanta, daga tartsatsin nan ya fito. Ta yaya sana'ar da ta raine ni za ta zama abin da ban isa in taɓa ba?

Umma ta ce in yi haƙuri, wai ba ka taɓa yin abu babu dalili ba. To ina dalilin? Layi ɗaya ya isa ya ɗauke shi, akwai wuri a takardar.

Ban rufe shagon ba.

Uwarka

*

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa ka shiru. Direban ya zo ya koma, ya sake zuwa, kullum sai ya buɗe mini tafin hannunsa babu komai. Ya ce yana ganinka kana fita aiki, don haka na san ƙafarka ƙalau. Mun kira wayarka ba ta shiga. Umma ta fara damuwa, ni kuma na daina jira.

Na rubuto ne in sanar da kai kada ka ji a bakin wani. Na sami inda zan je. Akwai wani mai gyaran ƙofofi a bayan kasuwa, shi kaɗai ya rage. Ba shi da takardar shaida, don haka cibiyar ba za ta lissafa mini shi ba, gurbina zai tafi. Amma aƙalla zan riƙa taɓa ƙarfe.

Hular walda ɗaya gare shi, gilashinta ya fashe, tana rataye a ƙusa. Ya ce hula ɓata lokaci ce. Ya nuna mini yadda ake yi: ka saita sandar, ka runtse ido, ka ɗana, ka buɗe. In ɗinkin mai tsawo ne sai ka sa baƙin tabarau irin na kasuwa. Ya ce duk tsofaffin gwanaye haka suka koya, har da ku. Na gwada, kuma da gaske ya fi sauri. Da yamma idona ya yi ta ruwa kamar an zuba mini yashi, Umma ta ɗora mini tsumma mai sanyi. Ya ce kowa da haka yake farawa, ido yana sabawa.

Ban rubuto don in roƙe ka ba. Ka riga ka ba ni amsa.

Uwarka

*

Uwata,

Assalamu alaikum. Za ki ga rubutun nan ba nawa ba ne. Abokin ɗakina ne, mai aikin lantarki, nake faɗa yana rubutawa. Ya ce in gaishe ki, kuma ya ce kin iya faɗa. Lafiyar jikina ƙalau. Ki gai da Ummanki, ki ce ta yafe mini shirun.

Kafin komai: kada ki sake taka shagon mutumin nan. Ko yau, ko gobe. Ido ba ya sabawa, Uwata. Ƙarya ne. Ido yana yin shiru ne kawai yana tarawa.

Gaskiya ya faɗa miki, haka muka koya ni da ubanki. Maigidanmu hula ɗaya gare shi, shi ke sawa, mu kuma mu runtse ido. Muna alfahari da abin ma. Ubanki Allah ya ɗauke shi kafin abin ya cim masa. Ni ya cim mini. Yanzu duk abin da na kalla, tsakiyarsa babu. Ina ganin gefen ƙofa, ba na ganin makulli. Ina ganin kunnuwan mutum da hularsa, fuskar kuwa sai ya yi magana. Na je wurin likita a ɓoye, ya ce ba yana ba ce da za a cire, ƙuna ce ta shekaru.

Layi huɗun nan da kika ce tsawa ce, safiya guda na yi ina rubuta su, hancina a kan takarda. Ban so kowa ya rubuta mini ba, don ban so kowa ya sani. Takardarki ta farko da gefen ido na bi ta, kalma-kalma. Ta biyu na fara, na gane faɗa ce, na ajiye. Ta ukun ce na kasa, na miƙa wa wannan bawan Allah ya karanta mini. Da ya zo wurin yashi da tsumma, na ce ya tsaya. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Daga baya na sa ya karanta mini ta biyun ma har ƙarshe.

Za ki ce to yaya nake aiki. Da kunne. Walda tana magana. In sandar ta yi nisa da ƙarfe, za ki ji tana tofi tana fashewa. In ta matsu da yawa, sai ta shaƙe. In ta zauna daidai, ƙararta ɗaya ce, kamar suya a kasko. Hannuna ya san hanya, kunnena yana gyara masa. Har yau masu duba aiki ba su dawo mini da ɗinki ko ɗaya ba. Amma bututun da muke haɗawa ba na wasa ba ne, mutane za su tsaya kusa da shi. Na daɗe ina sanin ranar tsayawa ta zo, ina ɗaga ta.

Ga dalilin da kika nema. Dokar wurin nan, duk gwanin da zai ɗauki ɗalibi sai an sabunta masa takarda, kuma farkon abin da ake yi gwajin ido ne. In na sa miki hannu, sai na tsaya gaban allon haruffan nan na gwajin ido. Shi ya sa na ce ba zan iya ba. Ban ce ba ki isa ba. Wai don ke mace ce! Wadda na sa miki sunanta ita ta gina katangar bayan gidanmu da hannunta, ki tambayi Gwaggonki mai tafi.

To na je na tsaya gaban allon. Babban harafin sama kaɗai na gani, shi ma rabi. Malamar asibitin ta sake goge gilashin na'urarta, kamar laifinsa ne. An karɓi sandata.

Shugaban aikinmu ya riƙe kai. Ya ce ga layin bututu guda babu mai yi, sun nema har sun gaji, yanzu kuma ni. Ya tambaye ni abin da zai yi mini. Na ce abu ɗaya: akwai ɗaliba. Na kira Dogo, wanda ya koya a hannuna tun yana ƙona safar hannu kullum, yanzu shi ne na biyu a wurin nan. Ya sa hannu tun ban gama magana ba. Takardar tana cikin ambulan ɗin nan, ki kai wa malaminku.

Na san ki. Za ki ce ba za ki hau gurbin da na sauka ba. Kada ki fara. Ba ke kika sauke ni ba, da ke da babu ke sauka zan yi, kin dai sa na sauka da ƙafata kafin a sauke ni da wani abin da ba zan iya ɗauka ba. Sun ba ni ɗan lokaci in tattara kayana. Ki biyo motar da ke tafe, ina so ki same ni a nan.

Ki taho da takalmi mai kauri. Hula kada ki saya.

Baffanki

*

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, hanya ta yi tsawo amma babu matsala. Ya ƙafa? Kada ki ce don ba na nan ki koma ɗaukar bokiti. An ba ni ɗaki tare da wata mai tuƙa injin ɗaga kaya, tana da kirki, sai dai minshari. Ki gai da Gwaggo.

Umma, na same shi a bakin ƙofar masauki yana jira. Na sauko daga mota, na tsaya a gabansa, yana kallon bayana yana neman wadda za ta sauko. Sai da na ce "Baffa" sannan fuskarsa ta buɗe. Duk maganar da na shirya a hanya ta ban haƙuri ta gudu. Na durƙusa na fara, ya ce in tashi, ƙasar wurin akwai ɓarɓashin ƙarfe. Ya tambayi idona. Ya sa na rantse ban koma bayan kasuwa ba.

Washegari aka kai ni rumfar aiki. Ban taɓa ganin wuri irinsa ba, kowane mai walda da ɗan lungunsa, an kewaye da jan labule don hasken kada ya taɓa na kusa. Lunguna da yawa babu kowa a ciki. Dogo ya kai ni na ƙarshe, ashe na Baffa ne. Ya ɗora mini guntayen bututu biyu ya ce in haɗa su ya gani.

Baffa ya miƙo mini hularsa. Ya sa mata sabon gilashi, ya rage maɗaurin daidai kaina tun kafin in zo, da ƙiyasi, kuma ta zauna. Sannan ya fita bayan labule, ya kifa bokiti ya zauna, ya ba ni baya. An hana shi shiga lungu in ana aiki.

Na sauke hula na ɗana. Na fara jan sandar a kan haɗin. Sai na ji muryarsa ta bayan labule: "Kin yi nisa, Uwata. Matso." Na matso. "Kin shaƙe ta. Saki kaɗan." Na saki. Sai ƙarar ta daidaita, ta zama ɗaya, yadda ya rubuta. Ban taɓa lura da ita ba sai ranar. Bai sake yi mini gyara ba har na zagaye bututun. Ina cikin hular ina kuka, ba mai gani.

Da ya huce, Dogo ya kankare shi ya duba, ya ce ba laifi. Baffa ya ce a miƙo masa. Ya bi ɗinkin da babban yatsa a hankali, ya zagayo, ya tsaya a ƙarshe. Ya ce, "Nan kin yi gudu. Haka ubanki yake, da ya hango ƙarshe sai ya hau sauri." Ya miƙa wa Dogo ya ce, "Ba ta wani ta sake." Sai da na sake har hannuna ya yi tsami. A na ƙarshen ya shafa, ya shafa, bai ce ya yi ba, ya dai sa shi a aljihun rigarsa. Yana cikin jakarsa yanzu, nauyi a banza, ya hana a cire.

Zai biyo motar da ke bayan wadda ta kawo miki wannan. Ya ce a share shagon, a fito masa da kujerarsa bakin ƙofa, wai yanzu ya sami lokacin gyara ƙafar. Ya ce in malaminmu yana da ɗaliban da suka rasa inda za su taɓa ƙarfe, su zo, amma duk wanda ya zo babu hula ya koma. Kujerar Abba kuma a bar ta inda take.

Abu ɗaya nake roƙo, Umma. Ku je tasha ke da Gwaggo, amma ki ja mata kunne tun daga gida: ban da kuka, ban da salati, kuma kada ta kama masa hannu. Yana ganin hanya, jakarsa ma shi zai ɗauka. Fuska ce ba ya gani. Zai sauko ya tsaya yana dube-dube kamar mai neman wani, kuna gabansa. Kada ku tsaya jiran ya gane ku. Ki yi masa sallama tun daga nesa, da muryarki ta kullum, kamar ya dawo daga shago. Zai juyo.

'Yarki